TrueNAS, OpenMediaVault ko Unraid: wanne ya fi gudu?

Tambaya daga wani mai karatu a Jos: "Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan sutudiyo, muna ɗaukar bidiyo da hotunan biki da suna da walima. Mu huɗu ne masu tace bidiyo. Mun gaji da yawo da faifan waje daga tebur zuwa tebur, sai na gyara wata tsohuwar kwamfuta mai Core i5 da ram gigabait 8, na sa mata faifai huɗu masu terabait 4 kowanne don ta zama rumbunmu. Na gwada TrueNAS, na gwada OpenMediaVault, na gwada Unraid. Idan na kwafo babban bidiyo, dukkansu megabait 110 zuwa 113 a sakan suke ba ni, sai dai Unraid yana faɗowa wajen 50 idan zubawa nake yi. Idan kuma folda ce mai dubban ƙananan hotuna, kowannensu rarrafe yake. Wani abokina ya ce nasa TrueNAS 900 yake ba shi. Wanne ne ya fi gudu a gaskiya, kuma ina nake kuskure?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, abu huɗu ka tambaya a dunƙule: dalilin da ya sa manhajojin nan uku, masu mayar da kwamfuta rumbun ajiya a kan netwok, suka ba ka lamba ɗaya, dalilin faɗowar Unraid wajen rubutu, rarrafen ƙananan hotuna, da kuma inda abokinka ya samo 900. Na farkon ne ya fi muhimmanci, domin gwajin da ka yi bai kai ga manhajar ba tukuna. Wayar netwok ka auna.

Lambar 110 ta waya ce

Katin netwok ɗin da ke zuwa a jikin yawancin kwamfutocin tebur na gigabit ɗaya ne, wato megabit 1000 a sakan. Bit takwas ke yin bait ɗaya, don haka iyakarsa megabait 125. Daga nan a cire kason da adireshi da bayanan sarrafa kowane ƙunshi suke ci, abin da ke saura kusan megabit 940 ne, wato megabait 117. Ƙa'idar SMB da Windows ke raba fayil da ita ta ɗan ci nata, sai ka sauka a 110 zuwa 113 ɗin da ka gani. Shi kuwa faifai guda mai juyi 7200 a minti yana karanta megabait 150 zuwa sama da 200 idan bayanan a jere suke. Kenan faifai ɗaya tal ya riga ya fi ƙarfin wayarka, balle huɗu. Tamkar ka jera motoci uku a bayan tirela a Hawan Kibo ne, ka ce so kake ka gane wadda injinta ya fi lafiya.

Batun abokinka kuwa, fara tambayarsa a ina ya karanta lambar. Idan a Task Manager na Windows ya duba, can da megabit ake lissafi, kuma megabit 900 shi ne megabait 112, daidai da naka. Idan ya dage cewa megabait ne, to ba shakka yana da kati da suwic (akwatin da ke haɗa kwamfutoci a netwok) na gigabit 10, domin ko na gigabit 2.5 bai wuce megabait 290 da ɗan wani abu ba. Kuma ko a gigabit 10 ɗin, ko dai SSD yake da su, wato ma'ajiyar da ba ta juyi kamar faifai, ko fayafayai masu yawa, ko kuma fayil ɗin daga ram yake fitowa ba daga faifai ba.

Abin da ke ƙarƙashin kowanne

Duka ukun da manhaja ɗaya suke yin magana da Windows, wato Samba. Bambancinsu yana wajen yadda suke shimfiɗa bayanai a kan faifai.

TrueNAS jikan FreeNAS ne, wanda aka fara a 2005 a kan FreeBSD. A 2020 sunan ya koma TrueNAS CORE, a 2022 kuma aka fitar da SCALE da ke kan Debian Linux, kuma can hankalin kamfanin ya koma, don haka sabon gini na Linux ɗin ya kamata ya bi. Tsarin fayil ɗinsa ZFS ne kaɗai, wanda kamfanin Sun Microsystems ya ƙirƙira. ZFS yana da halaye biyu da ke ruɗa mai gwaji. Yana riƙe abin da aka karanta kwanan nan a cikin ram, a wata ma'ajiya da ake kira ARC, don haka karatu na biyu na fayil ɗaya ba ya taɓa faifai. Yana kuma tara rubutu a ram ya sauke shi faifai a dunƙule, aƙalla duk sakan biyar. Shi ya sa gajeren gwaji kullum yake fifita TrueNAS. Ka kuma lura da shekarar duk wani kwatancen da ka karanta a intanet: kafin fitowar SCALE 24.04, rabin ram kawai ARC ke samu a SCALE, abin da ya sa tsofaffin gwaje-gwaje da yawa suka nuna CORE a gaba. Gigabait 8 da kake da shi shi ne mafi ƙarancin abin da TrueNAS ke nema. Zai tashi, amma ba zai sami sakewa ba.

OpenMediaVault kuwa Volker Theile ne ya fara shi a 2009, bayan ya yi aiki a kan FreeNAS. Debian ne da aka yi wa fuskar sarrafawa ta burauza. Da yawa daga masu amfani da shi suna haɗa fayafayai su zama rukuni ɗaya da manhajar mdadm, su ɗora tsarin fayil na ext4 ko XFS a kai. Ba ya cin ram, ba ya wahalar da furosesa, har a kan Raspberry Pi yana aiki. A kan tsohon inji mai ƙaramin ram, sau da yawa shi ne ya fi sakewa. Abin da ka rasa shi ne binciken da ZFS ke yi wa kowane guntun bayani don gano lalacewa da gyara ta, tunda ext4 da XFS ba sa yi wa cikin fayil wannan lissafin.

Unraid na kamfanin Lime Technology ne, na kuɗi ne, da dala ake biya. Tsarinsa na asali ya sha bamban: kowane fayil yana zaune cikakke a kan faifai ɗaya, ana kuma ware faifai guda ko biyu don lissafin kariya, wanda ake kira fariti. Karatun fayil ɗaya ba zai taɓa wuce gudun faifai ɗaya ba, wanda a gigabit ɗaya ba za ka ji ba. Wajen rubutu ne gizo ke saƙa. Kafin ya rubuta sabon guntu, sai ya karanta tsohon guntun da ke wurin, ya karanta tsohon fariti, ya yi lissafi, ya jira faifan ya zagayo wurin, sannan ya rubuta biyun. Wannan zagayen ne ya mayar da kai 50, kuma haka aka gina shi, ba lalacewa ba ce. Magani biyu ne. A saitin faifai akwai zaɓin da ake kira reconstruct write, wanda ke karanta sauran fayafayan gaba ɗaya ya lissafa fariti kai tsaye. Yana kusantar da kai ga gudun faifai, amma dole duka su kasance suna juyawa. Ko kuma ka sa SSD a matsayin zangon farko, rubutu ya sauka can, da dare a kwashe zuwa manyan fayafayai. Sai dai bidiyon bikin da ke kan SSD guda ɗaya ba shi da wata kariya har sai an kwashe shi, don haka a yi su biyu, tagwaye, kowanne na ɗauke da kwafin abin da ke kan ɗayan. Abin da Unraid ya fi sauran da shi ba gudu ba ne: yana karɓar fayafayai masu girma daban-daban, kuma wanda ba a amfani da shi yana iya tsayawa, abin da batirin inbata zai ji daɗinsa.

Me ya sa ƙananan hotuna ke rarrafe

Babban bidiyo sau ɗaya ake buɗe shi, sai zuba kawai. Ƙaramin hoto kuwa, kowane guda sai kwamfutarka ta tambayi saba, wato kwamfutar rumbun, ko akwai mai irin sunan, ta ƙirƙira shi, ta zuba, ta sa kwanan wata da izini, ta rufe, kuma kowane mataki sai an je an dawo. Windows Explorer ɗaya bayan ɗaya yake bi. Idan hoto kilobait 100 ne kuma ana gama 200 a sakan, megabait 20 kenan, alhali waya tana zaune kusan babu komai a kanta. Ga shi kuma allurar faifai mai juyi ba ta iya tsalle zuwa wurare daban-daban fiye da sau 100 zuwa 150 a sakan. A nan ne manhajojin ke ɗan bambanta. ZFS yana amfana da tara rubutu a ram, Unraid kuma yakan zo a baya saboda ƙarin shimfiɗar da ke haɗa fayafayansa su zama folda ɗaya. Amma kowannensu zai faɗo ƙasa da 110 sosai. Abin da ke taimakawa nan take shi ne umarnin kwafi na Windows, robocopy, da zaɓin /MT:16, wanda ke kwafar fayil goma sha shida a lokaci guda. Tsohon aikin da aka gama kuma, a naɗe shi a zip guda kafin a tura.

Yadda ake gwajin da zai faɗi gaskiya

Hawa-hawa ake yi, daga waya zuwa faifai, sannan a haɗa. Da farko ka auna netwok shi kaɗai da iperf3. A kan saba ka buga iperf3 -s, a kan kwamfutar aiki kuma iperf3 -c da adireshin sabar. Ka sake da ƙarin -R don auna ɗaya ɓangaren. Ya kamata ka ga kusan megabit 940. Idan 94 ka gani, layin ya faɗo zuwa megabit 100, kuma kusan kullum kebur ne: gigabit yana buƙatar duka siraran wayoyi takwas da ke ciki, guda ɗaya ta tsinke ko ba ta ciza a kan filogi ba, sai katin ya koma 100 ba tare da ya sanar da kai ba. Ka yi wannan a kan duka kwamfutoci huɗun, kuma ka tabbatar ka kashe Wi-Fi a kansu yayin gwajin.

Na biyu, ka auna fayafayai daga cikin sabar, babu netwok, da fio. Misali fio --name=jere --rw=write --bs=1M --size=32G --end_fsync=1 --refill_buffers, sannan ka canza write zuwa read. Don karatu a warwatse, randread da --bs=4k, tare da --runtime=60 don kada ya kwana yana yi. Girman fayil ɗin gwaji ya ninka ram ɗinka sau biyu ko fiye, in ba haka ba ram za ka auna. Wannan ne ya sa gigabait ɗaya da CrystalDiskMark ke zuwa da shi bai isa ba. Kada ka yi amfani da dd daga /dev/zero a kan ZFS: sifiri zalla ne, matsewar lz4 za ta haɗiye shi, ka ga lambar da babu faifan da zai iya bayarwa.

Na uku shi ne kwafi na gaske ta SMB, kuma a nan ake yawan yin kuskure ta ɓangaren kwamfutar aiki. Idan daga katin kyamara kake kwafowa ta rida mai USB 2.0, ba za ka wuce megabait 35 zuwa 40 ba ko da wace saba ce. Faifan laftof mai juyi 5400 ma yakan gaza cika gigabit. A kwafa daga SSD zuwa saba, daga saba zuwa SSD. Kada ka amince da zanen gudun da Windows ke nunawa, farkonsa ram ne. Riƙe agogo, raba girman fayil da sakan. Ka shirya kaya iri biyu da ba za su canza ba, bidiyo guda na gigabait 30 da folda guda mai hotuna dubu goma, ka maimaita kowanne sau uku, kana sake kunna saba tsakanin karatu da karatu. Haka nan a tabbatar tsarin fayafayan ya yi kama: RAIDZ1 a TrueNAS da RAID 5 a OpenMediaVault, waɗanda duka suke ba fariti wurin faifai ɗaya, ko tagwaye a TrueNAS da takwaransu RAID 10 a OpenMediaVault. Kwatanta tagwaye a ɗaya da fariti a ɗaya ba adalci ba ne. Wani ƙaramin abu kuma: Windows 11 Pro daga 24H2 yana tilasta sa hannu a kan saƙonnin SMB, wanda ke ƙara wa furosesa aiki, don haka da kwamfuta ɗaya za a gwada duka ukun.

Gwaji na huɗu shi ne wanda ya shafe ka, kuma ba ka yi shi ba: ku huɗun ku buɗe ayyuka daban-daban a lokaci guda, kowa yana ja gaba da baya a kan layin tacewa. Kowannenku yana da gigabit zuwa suwic, amma sabar ƙofa ɗaya ce da ita, don haka 110 ɗin za ku raba, wajen 28 kowa. Kyamarar da ke ɗauka a megabit 100 tana buƙatar megabait 12.5 a sakan. Biki da kyamara biyu, 25 kenan ga mutum ɗaya, 100 ga mutum huɗu. Kun riga kun taɓa rufi, kafin wani ya zo zuba katin jiya. Idan kuma kuka koma tsarin bidiyo na ProRes 422 HQ a 4K, bidiyo ɗaya ma yana neman cinye gigabit ɗin gaba ɗaya. Yayin wannan gwajin ka bar htop a buɗe a kan saba, da zpool iostat -v 5 idan ZFS ne, ko iostat -x 5 a sauran, ka ga wanda ya fara cika tsakanin waya da faifai da furosesa. Samba yana ba kowace kwamfuta nata aikin daban, don haka za ka iya ganin ƙwaya ɗaya ta furosesa ta cika alhali sauran suna hutawa.

Shimfiɗar fayafayai ta fi sunan manhaja tasiri

Da faifai huɗu na terabait 4, RAIDZ1 ko RAID 5 zai ba ka kusan terabait 12, tagwaye biyu kuma 8. Wurin ajiya yana jan hankali, amma rukunin RAIDZ guda, idan ana karatu a warwatse, kusan ƙarfin faifai ɗaya yake da shi, domin kowane guntun bayani an yayyanka shi a kan dukkansu. Tagwaye biyu kuwa, kowane faifai cikin huɗun yana iya amsa buƙata daban. Mutum huɗu masu ja da baya a fayil daban-daban, a wurin faifai warwatse ne, ko da kowane bidiyo a jere yake. Akwai kuma ranar da faifai zai mutu. Cike sabon faifai na terabait 4 a megabait 150 a sakan zai ci sama da awa bakwai idan babu mai taɓa sabar, kuma a RAIDZ1 duk tsawon lokacin ana tatsar sauran ukun, waɗanda shekarunsu ɗaya da wanda ya mutu.

Idan ZFS ka zaɓa, ka mayar da recordsize, wato girman guntun da ZFS ke yanka fayil, na foldar bidiyo zuwa 1M daga 128K da yake zuwa da shi, kuma ka sani sabbin fayiloli kawai zai shafa. Ka bar lz4 a kunne, ka kashe atime, mai rubuta lokacin da aka buɗe kowane fayil, kada ka kusanci dedup, mai cire bayanan da suka maimaitu. Kada rumbun ya wuce kashi 80 cikin ɗari, daga nan rubutu yake fara nauyi. Za ka ji ana ta maganar SLOG da L2ARC, wato SSD da ake ƙara wa ZFS don taimakon rubutu da na karatu. SLOG rubutun da ake jiran tabbacinsa kawai yake taimaka wa, irin na NFS da injunan kwaikwayo, ba kwafin Windows na yau da kullum ba. L2ARC kuma shi ma ram yake ci don riƙe jadawalinsa. Kuɗinsu a sa a ram.

Abubuwan da ke ɓata sakamako

Mafi muni shi ne faifai nau'in SMR, wanda layukan rubutunsa ke hawa kan juna kamar jerin kwanon rufi. Yana farawa da gudu, idan ɗan wurin da ya ware ya cika sai ya faɗo ƙasa warwas, kuma wajen sake gina rukunin ZFS yana iya ɗaukar kwanaki. A 2020 aka yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano wasu WD Red na terabait 2 zuwa 6 irinsa ne, daga baya aka ware Red Plus a matsayin CMR, nau'in da layukansa ba sa hawa kan juna. Naka terabait 4 ne, don haka ka duba lambar samfurin kowanne a shafin kamfaninsa. Idan na hannu ka saya, smartctl -a zai nuna maka awannin da faifan ya yi a layi mai lamba 9, sannan adadin da ke ƙarshen layi mai lamba 5 da mai lamba 197 su kasance sifiri. Faifai ɗaya mai ciwo yana jan duka rukunin baya.

Katin netwok na Realtek ya daɗe da sunan ba da wahala a FreeBSD idan kaya ya yi nauyi, na Intel irin i210 ko i350 ya fi kwanciyar hankali. Kebur kuma a nemi na jan ƙarfe zalla. Akwai mai araha da alminiyom ne aka yi wa fenti da jan ƙarfe, ka kankare shi da reza za ka ga fari a ciki.

Sanyin Jos alheri ne ga faifai, amma ƙurar hunturu tana toshe fanka, faifai huɗu a matse cikin akwatin da aka yi don ɗaya kuma suna dafa juna. Ka sa fanka tana hura su kai tsaye, ka riƙe su ƙasa da digiri 45. Ɗaukewar wuta kuwa ta fi shafar RAID 5 na mdadm, inda za a iya rubuta bayani ba a kai ga rubuta faritinsa ba, bayan wutar ta dawo kuma sabar ta shiga daidaita kanta tana aiki a hankali. Duk gwajin da aka yi a wannan lokacin banza ne, ka duba /proc/mdstat tukuna. ZFS ba ya rubutu a kan tsohon bayani, don haka tsarinsa ba ya karyewa, amma sakan kaɗan na ƙarshe da ke ram sun tafi. Duka ukun suna iya karɓar saƙo daga UPS ta USB su kashe kansu cikin tsari, a saita wannan tun ranar farko, a kuma sa suwic ɗin a kan UPS ɗin.

Abin da zan zaɓa a wurinka

TrueNAS na Linux, tagwaye biyu, ram a ɗaga zuwa 16, ko 32 idan allon injin zai ɗauka. Idan ba halin ƙara ram yanzu, OpenMediaVault da RAID 10 da XFS zai yi maka aiki ba tare da ka ji bambanci a gigabit ɗaya ba. Unraid ya fi dacewa da rumbun tsofaffin bukukuwan da aka riga aka miƙa wa masu su, ba wanda ake tacewa a kansa kai tsaye ba. Kuɗin farko da ya shigo kuma ya tafi ga faɗaɗa ƙofar sabar: suwic mai rami ɗaya na gigabit 10 da kati irinsa a saba, kwamfutocin aiki su ci gaba da gigabit ɗinsu, kowa ya sami 110 nasa idan fayafayan sun iya ciyar da su. Haɗa katuna biyu na gigabit su yi aiki tare, abin da ake kira LACP, ya fi araha, yana kuma raba mutane tsakanin layi biyu, amma ba ya ƙara wa mutum ɗaya gudu, kuma wani lokaci ya tura mutum uku layi guda. Sai ka buɗe wannan ƙofar ne bambancin manhajojin zai fara bayyana, a lokacin ka maimaita gwajin.

Wannan shawarar a kan abin da ka rubuto na gina ta, ban ga injin ba, kuma faifai ɗaya na SMR a cikin huɗun zai iya sauya lissafin. Ka turo lambar samfurin fayafayan, da abin da iperf3 ya nuna a kowace kwamfuta, da sakamakon fio na jere da na warwatse, da irin kyamarar da kuke ɗauka da ita, sai mu duba ko tagwaye biyu za su ɗauki mutum huɗu ko sai an ƙara SSD don ayyukan da ke hannu.